Fadar Topkapi da lambun Gulhane: yadda ƙofofi uku suka riƙe mulkin daula kusan shekara 400

Duk wanda saro kaya, karatu ko neman magani ya kai shi Istanbul, da wuya ya baro garin ba a ce masa ya leƙa fadar Topkapi ba. Yawancin mutanenmu abu ɗaya ke jan su can, wato ɗakin da aka ajiye kayan da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW). Wasu kuma labarin zinariya da lu'ulu'u suka ji. Sai mutum ya yanki tikiti yana sa ran ganin tangamemen bene irin na sarakunan Turai, yana shiga ya tarar da filaye da itatuwa da gajerun ɗakuna a warwatse. Shi ya sa za ka ji wani ya fito yana cewa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ina ganin wanda ya faɗi haka bai kalli abin da ya kamata ya kalla ba. Girman Topkapi ba a tsayin gini yake ba. Yana cikin tsarin shiga: wa ke tsayawa a ƙofar farko, wa ke wucewa ta biyu, wa ake bari ya taka ta uku. Da wannan tsari aka tafiyar da Daular Usmaniyya ta Turkawa (ba ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, sunan ne ya zo ɗaya), daular da a lokacin ƙarfinta ta haɗa Hangari da Bagadaza, Masar da Aljeriya, Makka da Madina a hannun sarki guda.

Sultan Muhammadu na Biyu, wanda ake kira Fatih, ya ci birnin da yaƙi ranar 29 ga Mayu, 1453. Fadarsa ta farko a tsakiyar gari ya gina ta, inda Jami'ar Istanbul take a yau. Bai daɗe ba ya hango wani tudu da ya kutsa cikin ruwa, inda mashigin Bosforus ya haɗu da tekun Marmara, wurin da tsohon garin Girkawa ya fara kafuwa. Daga kan tudun nan ana ganin duk jirgin da zai shiga ko ya fita, ana kuma hangen gaɓar Asiya daga gaɓar Turai. Wajen 1459 aka fara aiki, kuma rubutun da ke saman babbar ƙofa yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1478. Sabuwar Fada ake ce mata a da. Sunan Topkapi daga baya ya bi ta, an aro shi ne daga wata ƙofar bakin ruwa da ake girke igwa. Fatih shi ne sarki na 7 a gidan, kuma fadar ta ci gaba da zama cibiyar mulki har zuwa sarki na 31. Kowanne ya zo sai ya ƙara ɗaki, ya gyara wanda gobara ta ci, ya kafa rumfar tunawa da wata nasara. Wannan ne ya sa ba ta da fuska ɗaya.

Bahaushe bai kamata tsarin ya zame masa baƙo ba. A daidai wannan zamani ne Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa, kuma wanda ya san yadda ake bi ƙofa bayan ƙofa, soro bayan soro, har a kai inda baƙo ba ya wucewa, ya riga ya fahimci rabin Topkapi. Ba wanda ya kwaikwayi wani. Hankali ɗaya ne ya yi aiki a wuraren biyu, cewa kwarjinin sarki yana ƙaruwa gwargwadon wuyar ganinsa.

Daga ƙofar farko zuwa zauren majalisa

Ƙofar farko tana bayan masallacin Aya Sofiya, gabanta kuma akwai kyakkyawan mashayin ruwa da Sultan Ahmad na Uku ya gina a 1728. Farfajiyar da ke bayanta ta kowa ce. Mai ƙara, mai kawo itace, mai neman ɗan'uwansa da ke aiki a ciki, duk suna shiga. A nan gidan buga kuɗi yake, da gidan burodi da asibiti, da tsohuwar majami'ar Aya Irini wadda ba a mai da ita masallaci ba, aka mai da ita ma'ajiyar makamai. A nan kuma ake nuna wa mutane wani ɗan famfo a jikin bango da ake cewa hauni yana wanke takobinsa bayan ya gama aiki. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ma'aikatan lambun fada su ne kuma dogaran sarki, kuma shugabansu na daga cikin masu zartar da hukuncin kisa a kan manya.

A ƙofa ta biyu, mai hasumiya biyu masu tsini, kowa ke sauka daga doki. Waziri ya sauka, jakadan Faransa ya sauka, sarki kaɗai ke wucewa a kan sirdi. A samanta an rubuta kalmar shahada. Da ka wuce ta ka shiga inda ake mulki.

A hagu zauren majalisa yake, ɗaki ne mai ƙubba wanda bai fi wani babban falo ba. A zamanin ƙarfin daular, kwana huɗu a mako ake zama, daga Asabar zuwa Talata. Babban waziri ne ke shugabanta, tare da sauran wazirai, da manyan alƙalai biyu, da ma'aji, da mai hatimin sarki. A ƙa'ida kowane talaka, Musulmi ko Kirista ko Bayahude, yana iya kawo kukansa nan. Tun zamanin Fatih sarki ya daina zama a cikinsu. Sai aka huda taga a bango, daidai saman kujerar babban waziri, aka sa mata raga da labule. Sarki yana iya biyowa ta cikin gida ya zauna a bayanta ba wanda ya sani. Ka duba hikimar: ba sai ya zo kullum ba, tunda ba ranar da wazirai za su tabbata ba ya nan. Tagar tana nan har yau, kuma da yawa sukan wuce ta ƙarƙashinta suna ɗaukar hoton rufin ɗakin ba su ɗaga kai sun dube ta ba. A ganina ita ce abu mafi muhimmanci a farfajiyar baki ɗaya.

Ta wannan majalisa ce maganar ƙasarmu ta taɓa bi. Bayan Turkawa sun karɓe Tarabulus ta Libiya a 1551, ikonsu ya gangaro kudu zuwa yankin Fezzan, suka zama maƙwabtan Borno ta hanyar Sahara. Mai Idris Alauma ya aika jakada zuwa ga Sultan Murad na Uku, yana neman a tsare masa hanyar mahajjata da fatake, yana kuma neman a bar masa wata ganuwa a yankin Fezzan. Amsar da aka rubuta a 1577 tana cikin kundin majalisar da aka adana a Istanbul: an umarci gwamnoni su kiyaye matafiyan Borno, amma batun ganuwa an ƙi. Bayan 'yan shekaru sai Mai Idris ya juya wajen Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur. Ke nan tsofaffinmu da ke ambaton Sarkin Santambul, wato Istanbul, ba tatsuniya suke yi ba, wasiƙa ta je, wasiƙa ta dawo.

A dama kuwa madafa ce, doguwar jera mai ƙubbobi 10 da bututun hayaƙi da ake hangowa tun daga teku. Gobara ta cinye ta a 1574, shahararren magini Sinan ya sake tsara ta. Ɗaruruwan masu girki ne ke ciyar da mutum kusan 4,000 a kullum, ranar biki kuwa abin ya ninka. Yanzu a nan ake nuna tangaran ɗin ƙasar Sin, wanda yawansa ya haura 10,000, ɗaya daga cikin tari mafi girma a wajen ƙasar ta Sin. Sarakuna sun fi son wani mai launin kore-kore saboda an yi imani yana sauya launi idan an zuba guba.

Abinci a wannan fili siyasa ne. Duk wata uku ake biyan sojojin Janisari albashi, dubbansu su yi sahu a farfajiya, a fito musu da miya da shinkafa. In sun ruga sun ci, hankalin fada ya kwanta. In sun tsaya ƙyam sun ƙi taɓawa, to akwai magana, kuma sau da yawa sai kan wani waziri ya faɗi kafin ta mutu. Idan abin ya kai ga sun kifar da tukwanensu a bariki, tawaye ne a fili. A kan sa ranar karɓar jakadu ta dace da ranar albashi, don baƙo ya ga jakunkunan kuɗi, ya ga dubban mayaƙa a tsaye ba ko tari. Jakadun Turai da dama sun rubuta cewa shirun ya fi makaman ba su tsoro.

Inda murya ke ƙarewa

Ƙofa ta uku ita ce iyaka. A gabanta ake fito da karaga ranar naɗin sarki da ranar sallah, manya su yi mubaya'a. Bayanta gidan sarki ne. Kana tsallaka ta sai ka ci karo da ɗakin ganawa, an gina shi daf da ƙofar don ya tare idon mai leƙe. Jakada in zai shiga, mutum biyu ne ke riƙe masa hannuwa dama da hagu har gaban sarki. A ciki da wajen ɗakin akwai famfuna da ake saki don ƙarar ruwa ta hana mai laɓe jin abin da ake faɗa. A can ciki kuwa ɗaga murya rashin ladabi ne, har ta kai bayin sarki da shi kansa sarkin suna magana da hannu, yaren da suka koya daga kurame da bebayen da ke hidima a fada.

A wannan farfajiya makarantar fada take, kuma a nan ne mutum zai ga ƙarfin daular da zaluncinta a wuri ɗaya. Jami'ai kan bi ƙauyukan Kiristoci a yankin Balkan su zaɓi yara maza masu lafiya da kaifin basira, a raba su da iyayensu, a musuluntar da su. Yawancinsu su ne ke zama Janisari. Waɗanda suka fi fice a kawo su nan a koya musu Alƙur'ani, Larabci, Farisanci, rubutu, lissafi, hawan doki da harbi. Daga cikinsu ake samun gwamnoni da wazirai. Sokollu Muhammad Pasha, wanda ya riƙe babban waziri daga 1565 zuwa 1579 a ƙarƙashin sarakuna uku, kuma shi ke kan kujera lokacin da aka amsa wa Borno, yaro ne da aka ɗauko daga wani ƙauyen Bosniya. Manufar ita ce a samu ma'aikaci marar dangi a gari, wanda ba shi da kowa sai sarki. Tsarin ya yi aiki, ya hana 'yan gado mamaye muƙamai na tsawon lokaci. Amma ba zan iya yaba shi ba tare da tuna uwar da aka ɗauke wa ɗa tana kallo ba, kuma bai kamata kyawun tayil ya mantar da mai ziyara wannan ba.

Baitulmali yana kusurwar da ke kallon teku. A nan layi ya fi tsawo, saboda abu biyu. Na farko wuƙar nan mai manyan duwatsun zumurrudu uku a ƙota da agogo a kanta. Sultan Mahmud na Ɗaya ne ya sa aka ƙera ta kyauta ga Nadir Shah na Farisa, jakadu suna hanya a 1747 labari ya iske su an kashe shi, suka juyo da ita. Na biyu lu'ulu'u mai nauyin karat 86 da aka kewaye da ƙanana 49. A tsakiyar fili kuma akwai ɗakin karatu na farin dutse da Ahmad na Uku ya gina a 1719. A cikin takardun fadar ne a 1929 aka gano taswirar da jagoran jiragen ruwa Piri Reis ya zana a 1513 a kan fatar barewa, mai nuna gaɓar yammacin Afirka da gaɓar Amurka ta Kudu, shekara 21 kacal bayan tafiyar Kolumbus.

Sai ɗakin da ke kawo yawancinmu. Da Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, ya taho da amanar da ke hannun sarakunanta da halifofin Abbasiyawa na Alƙahira, Sharifin Makka kuma ya aiko masa da mabuɗan Ka'aba. Aka ajiye su a ɗakin da sarki ke kwana, don kada su yi nisa da shi. An ci gaba da ƙarawa har zuwa 1917, lokacin da kwamandan Madina Fakhruddin Pasha ya kwaso kayan da ke Masallacin Annabi ya aiko da su ta jirgin ƙasa, gudun kada yaƙi ya rutsa da su. Mafi daraja a cikinsu shi ne mayafin da aka ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yafa wa mawaƙi Ka'abu bin Zuhair bayan ya karanta ƙasidarsa. Yana cikin akwatin zinariya, mai ziyara akwatin yake gani daga nesa. Kowace ranar 15 ga Ramadan sarki da manyansa sukan zo a buɗe shi. Akwai tutar da ake fitarwa in daula ta shiga tsanani, kamar yadda Mahmud na Biyu ya fitar da ita a 1826 ranar da ya murƙushe Janisari. Akwai takubba da baka, da gashin gemu, da wasiƙu, da takubban da ake dangantawa da halifofi huɗu. Alaramma kuma yana zaune a gefe yana tilawa, al'adar da ake cewa tun zamanin Salim aka kafa ta.

A nan ya kamata mutum ya shiga da girmamawa, kuma ya shiga da ilimi. Kayan ba darajar hujjarsu ɗaya ba. Kwaɗuna da mabuɗan Ka'aba, tsofaffin indararonta, da murfin da aka taɓa yi wa Hajarul Aswad, da yawansu suna ɗauke da sunan sarkin da ya sa aka yi su da shekara, tarihinsu a bayyane yake. Amma sandar da aka rubuta ta Annabi Musa ce, ko rawanin Annabi Yusuf, ko tukunyar Annabi Ibrahim, dangantawa ce ta gado, ba isnadin da zai kai su can. Faɗin haka ba raina wurin ba ne. Addinin da ya koya mana tantance ruwaya bai ce mu ajiye wannan tarbiyya a bakin ƙofar gidan tarihi ba. Abin da ba shakka a cikinsa shi ne shekara 400 sarakuna mafi ƙarfi a duniyar Musulmi sun ɗauki hidimar wannan ɗaki a matsayin babbar hujjar sarautarsu.

Cikin gida

Fina-finan Turkiyya masu dogon zango da ake fassara mana sun sa mutane suna ɗaukar cikin gidan sarki a matsayin dandalin kishi da soyayya kawai. Wanda ya bi lungunansa zai ga wani abu daban: ɗaruruwan ɗakuna, yawancinsu ƙanana masu duhu, da 'yan manya masu tayil na garin Iznik da ba su da na biyu, musamman ɗakin Murad na Uku. Da farko iyalin sarki a tsohuwar fada suke. A zamanin Sultan Sulaiman na Ɗaya ne matarsa Hurram ta tare a Topkapi, daga nan mata suka matso kusa da inda ake yanke shawara. Mai iko a ciki ita ce uwar sarki, ɗakunanta ma a tsakanin na ɗanta da na ƙwaraƙwarai suke. Kosem, matar Ahmad na Ɗaya, ta riƙe daula a madadin ɗanta Murad na Huɗu da jikanta Muhammadu na Huɗu, har aka shaƙe ta a cikin gidan a 1651 a rikicinta da surukarta Turhan.

Masu tsaron wannan sashe 'yan Afirka ne, kuma wannan ya shafe mu. Babanni ne da aka kamo suna yara daga Habasha da ƙasashen kogin Nilu, aka dandaƙe su a hanya, aka biyo da su ta Masar. Daga zamanin Murad na Uku shugabansu ya zama ɗaya daga cikin mutane mafi ƙarfi a daula, shi ke shiga wajen sarki ba shamaki, shi ke kula da waƙafin Makka da Madina. Bashir Aga, mutumin Habasha, ya riƙe muƙamin daga 1717 har rasuwarsa a 1746, ya gina masallaci da makarantu da ɗakunan karatu. Duk da haka muƙamin mutum ɗaya ba ya biyan abin da aka yi wa ɗaruruwa. Farfajiyarsu ce ta farko da mai ziyara ke ratsawa, siririya ce, kuma ta cancanci a tsaya a cikinta fiye da yadda ake yi.

'Ya'yan sarki ma ba su tsira ba. A da, wanda ya hau karaga yana kashe 'yan'uwansa maza don kauce wa yaƙin basasa. A 1595 Muhammadu na Uku ya sa aka kashe 19 a lokaci guda, abin da ya girgiza mutanen birnin. Ɗansa Ahmad na Ɗaya ya bar ƙaninsa da rai, daga nan aka koma tsare 'yan sarki a wani sashe na cikin gida, sarauta kuma ta koma hannun babba a gida. Jini ya ragu, amma an samu sarakunan da ba su taɓa riƙe ko gari ɗaya ba. Sulaiman na Biyu ya yi kusan shekara 40 a tsare kafin a fito da shi a naɗa shi a 1687.

Farfajiya ta huɗu wurin shan iska ce: rumfar Bagadaza da Murad na Huɗu ya gina bayan ya ci garin a 1638, da 'yar rumfa mai rufin zinariya inda Sultan Ibrahim ke buɗe baki da azumi, da ɗakin kaciyar 'ya'yan sarki. Daga nan ake ganin birnin gaba ɗaya.

Yadda fada ta koma gidan kallo, lambu ya koma na kowa

A ƙarni na 19 sarakunan suka fara ganin Topkapi ta tsufa. Suna son fadar da sarakunan Turai za su gani su ce irin tasu ce. A 1856 Sultan Abdulmajid ya koma Dolmabahce a bakin ruwa, gini ɗaya mai ɗakuna 285 da fitilar ƙarau mai nauyin tan huɗu da rabi. An gama ta ne a shekarun da daula ta fara cin bashin waje, daga 1854, kuma a 1875 ta kasa biya. Topkapi aka bar wa tsofaffin bayi, ana zuwa ne kawai don naɗin sarauta, jana'izar sarki, da ziyarar Ramadan. An soke sarauta a 1922, aka soke halifanci ranar 3 ga Maris, 1924, bayan wata guda, ranar 3 ga Afrilu, gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta mai da fadar gidan tarihi. A 1985 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin, har da ita, cikin wuraren tarihi na duniya.

Lambun Gulhane, wanda ya gangara daga bangon fada zuwa ruwa, asalinsa gonar sarki ce. Ana noman wardi da kayan miya, har a sayar da rarar a kasuwa. Amma sunansa ya shiga tarihi ne ranar 3 ga Nuwamba, 1839, lokacin da ministan harkokin waje Mustafa Rashid Pasha ya tsaya a nan gaban malamai, shugabannin Kiristoci da Yahudawa, da jakadu, ya karanta sanarwar Abdulmajid, wanda a lokacin shekarunsa 16. Sanarwar ta yi alkawarin tsare rai da dukiya da mutuncin kowane talaka ko da menene addininsa, da daidaita haraji da ɗaukar soja, da cewa ba za a kashe kowa ba sai an yi masa shari'a a fili. Da ita gyare-gyaren da ake kira Tanzimat suka fara. Ba a cika alkawuran duka ba, amma ka auna nisan da ke tsakanin sarkin da ke sauraro a bayan raga da sarkin da ya ɗaure kansa da alkawari a bainar jama'a. Kuma rantsuwar riƙe alkawarin a ɗakin mayafin Manzo aka ce za a yi ta, don a nuna gyaran bai fita daga addini ba.

Daga nan lambun ya yi ta fita daga hannun fada. Gobarar 1863 ta cinye gine-ginen bakin ruwa, a shekarun 1870 aka ratsa shi da layin dogo, a 1912 magajin gari Jamil Pasha ya buɗe shi ga jama'a. A ƙarshensa ta bakin ruwa aka kafa gunkin Ataturk na farko a 1926, kuma a can ne a watan Agustan 1928 ya shelanta cewa Turkanci zai bar haruffan Larabci ya koma na boko. Sakamakon yana nan a fili: Baturke na yau da bai yi karatu na musamman ba ba ya iya karanta rubutun da ke saman ƙofofin kakanninsa, alhali ɗalibin da ya yi makarantar allo yana tsayawa ya karanta ayoyin da ke jiki.

Miliyoyin mutane ke shiga Topkapi a shekara, kuma ginin yana jin nauyinsu. A 2016 an gano tsagewa a bangon baitulmali, aka rufe shi shekaru ana gyara. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, ranar Talata kuma a rufe take. Wanda zai je ya sammaka, ya sa tufafin kamala saboda ɗakin amana, inda ba a yarda da ɗaukar hoto ba, ya ware aƙalla rabin yini. Ya bi ƙofofin a jere kamar yadda aka tsara su, kada ya yanke kai tsaye zuwa layin lu'ulu'u.

Gulhane kuwa kyauta ne, jirgin taragon cikin gari yana tsayawa a bakin ƙofarsa, a watan Afrilu kuma furen tulip ya rufe shi. A cikinsa, a tsohon bargar dawakin sarki, akwai gidan tarihin kimiyya da fasaha a Musulunci da aka buɗe a 2008 bisa aikin Farfesa Fuat Sezgin, wanda ya rasu a 2018 aka binne shi a nan gefen ginin. Yawancin abin da ke ciki ba tsofaffin kaya ba ne, an ƙera su ne bisa bayanin da ke cikin littattafan malaman da: agogon ruwa na Al-Jazari, kayan fiɗa na Az-Zahrawi, na'urorin auna taurari, taswirorin duniya. Ba layi, ba turereniya, kuma kuɗin shigarsa bai kai na fada ba. Duk malami ko ɗalibin da ya fito daga Topkapi da sauran ƙarfi a ƙafarsa, ya gangara ya ba shi awa ɗaya.